Butar Malam Saïdou da Hayaƙin Ntoum

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Saïdou Mahamadou, mutumin Garwa ta arewacin Kamaru, mai shagon albasa da wake a unguwar Cocotiers, bayan jinyar kwana tara a nan Libreville, babban birnin Gabon. Ina Ntoum a lokacin, wani gari kusa da Libreville, a rumfar aikinmu, ina cika duro da ɓawon kwakwar manja, sai wayata ta yi ƙara. 'Yarsa Nafissatou ce. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba Justin, Baba ya cika." Na ce mata to, na gode, sai ka ce farashin kaya ta gaya mini. Na ajiye wayar, na ci gaba da zuba ɓawo har duron ya cika, sannan na zauna a ƙasa.

An yi maka sutura a ranar bayan La'asar, Malam. Da aka ja sahu na tsaya can baya wajen motoci, domin ni Kirista ne, kuma na tashi cikin Musulmi a Kafanchan, na san inda ya dace in tsaya. Ruwan sama ya sauko muna maƙabarta. Wani dattijo da ban san sunansa ba ya jawo hannuna, ya buɗe mini hanya har bakin kabari, ya ce wa mutane, "Ku bar shi, abokinsa ne." Na zuba ƙasa da hannuna. Da aka watse kowa ya bi 'yan garinsu, ni kuma na shiga motar haya na koma ɗakina.

Wata biyu ke nan ban iya rubuta maka komai ba. Da farko baƙin ciki ne ya hana ni. Daga baya kunya ce, domin akwai abin da ban sani ba sai ranar sadakarka ta arba'in, kuma ba zan yi maka ta'aziyyar gaskiya ba sai na faɗe shi.

Na zo Gabon a 2009, aikin gwaje-gwaje a wata masana'antar sabulu. A makona na uku na shiga shagonka neman daddawa, ina ta fama da Faransancin da ni kaina ban san inda ya dosa ba. Ka bar ni na gama shan wahala, sannan ka ce, "Ɗan gida, daina wahalar da harshenka. Ta kalwa kake so ko ta waken suya?" Rabona da jin Hausa tun a tashar jirgi. Na tsaya ina kallonka kamar wawa, kai kuma ka turo mini benci da ƙafa.

Bencin nan na zauna a kai shekara goma sha shida. A kansa na ga baƙi nawa da suka sauka garin nan ba su san kowa ba, daga Maruwa, daga Damagaram, daga Jos, ka ba su tabarma a bayan buhunan wake har su sami madafa. Ba ka tambayar mutum addininsa kafin ka ba shi ruwa, sai dai ka tambaye shi ko ya kira gida ya ce ya sauka lafiya. Da masana'antar ta rufe a 2016, matata Keziah ta koma Kafanchan da yara saboda makaranta, na zauna ni kaɗai a ɗaki ɗaya. Zazzaɓi ya kayar da ni a daminar shekarar. Kwana bakwai kana hawo matakalar gidan nan da gwiwarka mai ciwo, riƙe da kunun da matarka Hawaou ta dama, ka zauna sai na shanye a gabanka. Kowace Kirsimeti kuma sai ka zo da zakara a hammata, ka ce, "Ba za ka ci sallarku da kifin gwangwani ina garin nan ba. Kawo wuƙa in yanka da kaina, don ni ma in ci."

Saboda masu karatun da ba su san abin da ya haɗa mai albasa da mai gwaje-gwaje a bakin duro ba, bari in yi bayani. Matan da ke suyar fanke da kifi a kasuwanni suna zubar da tsohon mai a kwata idan ya yi baƙi. Wannan man, idan aka haɗa shi da sinadarin metanol, yana iya komawa man da injin gazuwal, wato dizal, zai sha. Amma su biyun ba sa shiri sai da na uku a tsakani, wanda zai sa su haɗu, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikinsu. Namu na ukun gishirin toka ne, tokar ɓawon ayaba, irin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tatsa don miya da sabulu. Matsalar ita ce idan ka zuba shi tsurarsa sai ya narke a cikin man, rabin kayan ya koma sabulu, ba ka ga mai ba, ba ka ga tokarka ba. Dole a sama masa wurin zama. Wurin zaman shi ne gawayin ɓawon kwakwar manja, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, dubbai a kowane tsinke. Gishirin ya shige ramukan ya maƙale, mai ya zo ya same shi a can, aiki ya yiwu, sannan ka tace gawayinka da ƙyalle ka sake aiki da shi sau biyar ko shida.

Ranar da na yi maka wannan bayanin a kan benci, da zane-zane a bayan kwalin sukari, ka saurara har ƙarshe, ka ce, "Ashe mai masauki kake nema wa tokarka. Ai da ka faɗa tun farko." Sannan ka gaya mini cewa kafin ka shiga fatauci, shekara tara ka yi kana ƙona gawayi da mahaifinka a dajin Garwa. Daga nan ka riƙa barin wa Hawaou shago duk Talata da Asabar, mu kama hanyar Ntoum tun da safe. A can Madam Inès, wata 'yar ƙasa mai injin niƙan rogo, ta ba mu rumfa a bayan injinta. Matan wurin suna tara mana tsohon mai da ɓawon ayaba, mu kuma man da muka yi shi injin yake sha.

Duk aikin nan a kan abu ɗaya yake tsaye: lokacin da za a rufe duron da ake ƙona gawayin a kashe wa wuta numfashi. Idan ka yi gaggawa, danƙon ɓawon bai gama fita ba, ramukan suna toshe, gawayin ya fito da nauyi da ƙyalli, ba abin da zai shiga cikinsa. Idan ka yi jinkiri, bangon ramukan ya cinye, ka buɗe ka tarar da toka. Tsakanin biyun ɗan lokaci ne ƙalilan.

A watanmu na farko, a 2018, na zo da ma'aunin zafi da na yi odarsa, mai dogon ƙarfe da agogo a kai. Ina alfahari da shi kamar ni na ƙera shi. Wata Asabar allurar ta kai inda littafi ya ce, na ɗauki murfi zan rufe, ka ce, "Injiniya, hayaƙin nan bai nuna ba." Madam Inès na tsaye, mata huɗu na tsaye da kwanukan rogo. Na ce maka, da Hausa, sannan na maimaita da Faransanci don su ji, "Malam, wannan ba gawayin gasa masara ba ne. Akwai ma'auni." Suka yi dariya. Kai ma ka yi murmushi, ka koma gindin mangwaro ka zauna. Gawayin ranar bai yi ba, na ɗora laifin a kan ɓawon. Ban ba ka haƙuri ba, a ranar ko bayanta, kuma ba ka sake cewa komai a kan hayaƙi ba.

Da daminar shekarar ruwa ya shiga ma'aunin ya mutu. Ina zaune na yi tagumi, ka ce, "Tunda ƙarfenka ya huta, ga shawara. Lokaci ɗaya muke kunna wuta kullum. Ka riƙa rufewa idan na tashi sallar Azahar, mu gani ko lissafin zai fita." Na gwada don ba ni da wata dabara. Gawayin ya fito sakayau, idan ka watsa shi a faranti yana ƙara kamar fasassun tangaran, idan ka jefa shi a ruwa yana huci. Man da muka yi da shi ya fito garau. Na buɗe littafina na rubuta da babban baƙi: a kunna da ƙarfe takwas, a rufe da Azahar. Har wani ɗalibin jami'a da ya zo ganin aikin na yi wa lacca, wai a ƙasar nan rana ba ta cika sauya tafiyarta ba, shi ya sa lokacin salla ya zama mana agogo. Kana zaune kana ji, kana gyaɗa kai.

Shekara bakwai haka muke. Ni ina cikin rumfa ina awo da tacewa, ƙarar injin Madam Inès ba ta barin a ji kiran salla daga ɗan masallacin 'yan kasuwa da ke bakin titi. Kai kuma wajen tsakar rana sai ka cika butarka ta ƙarfe da ruwan randa, ka je ka riƙe ta a saman bututun hayaƙi na ɗan lokaci, ka sauke, ka duba gindinta, ka shafa da yatsa. Wani lokaci ka koma ka zauna, an jima ka zubar da ruwan ka ɗebo sabo, ka sake. Ni kuwa abin tsokana na samu. Ina ce maka tsoho mai tsoron ruwan sanyi a ƙasar da ba a san sanyi ba. Ka ce, "Bari kai dai, Injiniya, tsufa ne. Yana nan tafe gare ka." Wata rana nakan lura rana ta karkata sosai, in ce, "Malam, yau ka makara." Ka ce, "Lokaci bai fita ba." Sai can in ji muryarka daga waje: "Injiniya, na tashi." In fito da gudu in rufe duro in liƙe da laka, kai kuma ka yi alwala ka shimfiɗa buzunka a gindin mangwaro.

Bayan rasuwarka sau shida na kunna duron nan, sau shida yana ba ni kunya. Na je wurin limamin Ntoum na karɓi takardar lokutan salla, na rufe da ƙarfe ɗaya da rabi daidai, lokacin da suke tada jam'i: gawayi ya fito da ƙyalli, man suya ya kwana a cikinsa yana man suya. Na ƙara awa guda a ƙuna ta gaba, na tarar da toka. Na sayo sabon ma'auni, ya gaya mini zafin gefe ɗaya na duron, ya yi shiru a kan sauran. Abin da ya rage na gawayin da muka yi tare gwangwanin madara ɗaya ne, shi ma duk aikin da ya yi ƙarfinsa raguwa yake. Madam Inès ta zo ta tsaya a bakin rumfa, na ce mata saura mako uku man ya ƙare. Keziah ta kira ta ce, "Baban yara, ka dawo gida hakanan. Wa ya rage maka a can?" Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin shekara bakwai zai bi ka kabari, ni da na ɗauka a hannuna yake ina tsaye ina kallo.

Ranar arba'in ta faɗo Lahadi. Daga coci na wuce gidanka. Da jama'a suka ragu Nafissatou ta ce mahaifiyarta na son magana da ni. Hawaou tana takaba, daga bayan labule ta gaishe ni, ni ina durƙushe a bakin ƙofa. Ta tambaye ni aiki, na gaya mata gaskiya. Sai ta ce wa 'yarta ta ɗauko saƙon. Nafissatou ta fito da butarka ta ajiye a gabana.

Hawaou ta ce, "Malam Justin, a asibiti ya ce in ba ka. Na ce masa me Kirista zai yi da butar alwala? Ya ce in ba ka dai, in gaya maka abin da ya gaya mini. Ni ce na ga nauyin fitar da kayansa kafin arba'in, ka yafe ni. Juya gindinta ka gani."

Na juya. Baƙi ƙirin, danƙo a kan danƙo, duk da alamun goga.

Ta ce, "Shekara bakwai ina cuɗa ta da yashi ina mita. Shi ne ya ce mini ba ɗumama ruwa yake yi ba. Ruwan sanyi yake so. Idan ya riƙe ta a kan hayaƙi gindin ya yi gumi ko ya yi danƙo, gawayi bai nuna ba. Idan ya fito a bushe, sai ya kira ka. Haka mahaifinsa ke yi da bayan fartanya. Wata rana ƙarfe ɗaya, wata rana har kusan uku, gwargwadon yadda ɓawon ya sha ruwa. Mutanen masallacin Ntoum har suna suka sa masa, mai sallar kaɗaici."

Malam, kai da duk Cocotiers ta san ba ka barin sahun farko. Kwana biyu a kowane mako, shekara bakwai, kana barin jam'i ya wuce ka, kana zaune gindin mangwaro kana jiran hayaƙin gawayina ya bushe.

Na tambaye ta me ya sa ba ka gaya mini ba. Ta ce, "Ni ma na tambaye shi. Ya ce, mutumin nan ba shi da kowa a garin nan, iyalinsa na nesa, aikinsa ya rufe. Iliminsa kaɗai ya rage masa. Idan na taɓa masa shi, da me zai tsaya?"

Na yi kuka a bakin ƙofar nan, Malam, irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Na ɗauka ni ne mai aikin kai kana taya ni zama. Ashe ka ji maganar gasa masara, ka haɗiye ta, ka nemo hanyar da za ka ba ni iliminka ba tare da na san karɓa nake yi ba.

Ranar Talatar da ta biyo na kunna duro da ƙarfe takwas. Da tsakar rana na cika butarka da ruwan randa na riƙe ta a saman bututu. Ta yi gumi sharkaf. Ƙarfe ɗaya, gumi. Ɗaya da rabi, lokacin da na riƙa rufewa, yatsana ya fito da danƙo ja-ja mai warin ƙauri. Na zubar da ruwan na ɗebo sabo, kamar yadda na ga kana yi ina maka dariya. Biyu ta wuce, biyu da rabi ta wuce, hannuna ya gaji, zuciyata na ce mini na riga na ƙona shi. Uku saura minti goma na sauke butar na shafa gindinta, yatsana ya fito a bushe. Na tsaya ina jiran a kira ni. Ba kowa a wurin sai ƙarar inji. Sai na faɗa da bakina, "Na tashi," na rufe duron na liƙe da laka.

Washegari na buɗe. Na watsa gawayin a faranti ya yi ƙarar da na sani. Na jiƙa shi a ruwan toka, na shanya, na sake gasa shi, bayan kwana goma injin Madam Inès ya tashi da man da aka yi da shi. Na tara ta da matan da suka yi dariya a wancan lokacin, waɗanda suke nan, na gaya musu da Faransancina mai ɗingishi cewa ranar nan kai ne da gaskiya. Na koya musu riƙon buta. Na soke layin da ke littafina, na rubuta yadda ake yi, da sunanka da na mahaifinka a sama. Na ce wa Keziah ta ba ni zuwa ƙarshen damina, sai hannunsu ya faɗa. Duk wannan na yi shi, amma haƙurin da ya kamata in ba ka a 2018 yana nan a bakina, ba wanda zan ba.

Allah ya jiƙanka, Malam Saïdou. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Jam'in da ka rasa saboda ni, Allah ya rubuta maka ladansa cikakke, ya ninka. Yadda ka sauki baƙi a bayan buhunan wake ba ka tambaye su komai ba, Allah ya sauke ka a masauki mafi kyau. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Hawaou, da Nafissatou, da 'yan'uwanka na Garwa, da jama'ar masallatan Cocotiers da Ntoum, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Abu ɗaya ne Hawaou ba ta gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Idan gindin buta ya bushe aka rufe duro, ruwa yakan rage a cikinta, wanda kake alwala da shi. Ban san abin da zan yi da shi ba. Duk Talata da Asabar nakan kai shi gindin mangwaro, inda kake shimfiɗa buzu, in tsiyaye shi a hankali, in ɗan tsaya gwargwadon raka'a huɗu, sannan in koma rumfa.

Justin Bulus
Cocotiers, Libreville